Jirgin da Inna Ta Jira Ya Taso

Mu mutanen Madina ba mu san teku ba. Ruwan da muka sani shi ne na famfo, da na tulu, da na birka a gonakin dabino na Awali, wato babban kwarmin siminti da ake tara ruwan rijiya a ciki kafin a sake shi ya bi gindin itatuwa. Inna, mahaifiyata, ta haye Bahar Maliya sau ɗaya tana budurwa, lokacin da ayarinsu ya iso daga ƙasar Hausa bayan shekaru a hanya. Ta ce tun daga Sawakin har Jidda kanta na cikin zane, ba ta yarda ta kalli ruwan ba, da ƙafarta ta taka ƙasa kuma ta ce ita da shi sai a lahira.

Buri ɗaya ya taso da iyayenta daga garinsu, shi kuma ta gada: a mutu a Madina, a kwanta a maƙabartar Baƙi'a. Ba ta ɓoye shi. Tana suyar gyadar da take sayar wa alhazai tana tsara yadda za a yi, wace maƙwabciya ce za ta yi mata wanka, wane yadi za a yanka, wa zai sauka cikin rami ya karɓe ta. Mai wankan takan canja, gwargwadon wadda suka yi faɗa da ita a makon. Mai karɓa kuwa bai taɓa canjawa ba. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, ni da ƙanena Auta, mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, saboda haka Auta ne zai sauka. In ta faɗa yana kusa sai ya ce, "Halas ya ummi, ya isa haka, ai kin fi mu lafiya, ke za ki binne mu." Sai ta jefe shi da ɓawon gyada.

Mijina Bahaushen Sudan ne, haifaffen bakin teku, shi kaɗai ne a lungunmu na bayan Anbariyya da ya san ruwan gishiri. A jirgin ja yake aiki, ƙaramin jirgi mai ƙarfin inji wanda aikinsa jan manyan jirage da igiyar ƙarfe. Dogo ne, ba ya son magana, in yana tafiya sai ya ware ƙafafu kamar ƙasa za ta goce masa. Na sha tsokanarsa cewa titin Anbariyya ba ya rawa, ya haɗa ƙafarsa kamar mutane. Murmushi kawai yake yi. Yakan yi makonni a Yanbu, garin tashar jiragen ruwa, ya dawo mana da busasshen kifi da warin man inji.

Shekarun nan ne ake ta gine-gine a Yanbu, samarin unguwa duk sun ɗaga kai can. Auta yana da aikinsa a wata gona a Awali, shi ke kula da makinar da ke jawo ruwa daga rijiya, kuma hannunsa na da kyau a inji, kowa ya sani. Amma ya nace sai ya bi mijina. Ni na tada jijiyar wuya, na ce wanda ko a birka bai iya iyo ba me ya kai shi teku. Ya ce, "Yaya, ke kam ko tsallaka titi zan yi sai kin ce mota." Inna ta bari har aka gama cin abinci, sannan ta dubi surukinta ta bayan mayafi ta ce, "Yana hannunka?"

"Yana hannuna, Inna."

Shi ke nan maganar ta ƙare. Auta ya yi tafiye-tafiye da su lafiya, ya yi baƙi, ya yi ƙiba, ya fara ware ƙafafu shi ma don ya ba ni haushi.

Wata rana bayan la'asar mijina ya shigo shi kaɗai, da jakar Auta a hannu. Bai zauna a kujera ba, a ƙasa ya durƙusa gaban Inna. Ya ce an ba su aikin jan wani tsohon jirgin ƙarƙashin ruwa, gawwasa kamar yadda ake cewa a nan, wanda aka sayar don a je a yayyanka shi a matsayin tsohon ƙarfe. Mataccen jirgi ne, ba inji, ba wuta. An ɗora mutum uku a kansa su riƙa lura da shi a hanya, har da Auta, saboda akwai ƙaramin injin hura iska da ake so wani ya kula da shi. Iska ta taso, jirgin ya fara karkata, injin ya mutu. Biyu suka faɗa ruwa aka tsamo su. Auta ya koma ciki don ya tada injin. Sai hancin jirgin ya yi ƙasa, ya fara jan nasu jirgin ta baya, har ruwa ya hau inda suke tsaye. Kyaftin ya ce a saki igiya. Mijina ne ke wurin ƙugiyar, shi ya buge ta da guduma ta buɗe.

Ni na faɗi ina birgima. Inna kuwa ko gezau. Ta ce, "Kun ga gawa?"

"A'a, Inna."

"To."

Limamin masallacin unguwa ya aiko cewa za a yi masa sallar da ake yi wa wanda ba a samu gawarsa ba. Inna ta ce a wajen iyayenta ba a sallatar mutum sai yana kwance a gaba, a dakata. Muka ɗauka zafin abin ne, gobe ko jibi za ta sauko. Da ta sauko ɗin, ba don maƙwabciyarmu ba, wata mutuniyar Chadi mai kirki da yawan surutu, wadda mijinta ya sayo talbijin mai kala a shekarar. Ta shigo ta'aziyya, ta ji ana cewa gawwasa, sai ta dafa ƙirji ta ce ai ita ta ga irin jirgin nan a talbijin. Nutsewa yake yi da gangan, da mutane a ciki, suna ci suna sha suna barci, ya yi watanni a ƙasan ruwa, ran da ya ga dama ya taso. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, na sani. Amma har yau in na tuna bakin matar nan raina ɓaci yake yi.

Na ga fuskar Inna ta washe. Ta sa aka kira mijina daga zaure.

"Ashe abin nan aikinsa ke nan, ya nutse ya taso?"

"Masu rai ke yin haka, Inna. Wannan ya mutu tun kafin a ba mu shi."

"Ba ka ce Auta ya shiga ya tada inji ba?"

"Na ce."

"Akwai injin da ya taɓa gagarar Auta?"

Ta gyara zama, ta ce, "Allah ya yi maka albarka da ka saki igiyar nan. Ina zai nutse da kyau kana riƙe da shi? Kai ka san aikinka." Ta juya ga matan da suka cika ɗakin ta ce su yi haƙuri, an tashe su a banza, ba makoki a gidan nan.

Haka muka shiga wani irin zama da ban taɓa jin wani gida ya yi ba. An hana kuka. In ya taso mini sai in shiga kicin in kunna famfo. Inna ta koma suyar gyadarta, tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ɗanta na ƙarƙashin ruwa wajen aiki, surukinta ne ya yi dabarar da ta cece shi. In an dafa nama, tsoka mafi kyau a kwanon mijina take sawa da hannunta. Kullum ya shigo sai ta ce, "An ji wani abu daga Yanbu?" Ya ce a'a. Ta ce, "Malesh, ba komai, da sauran lokaci. Allah ya yi maka albarka."

Albarkar nan ce ta dinga cin sa. Da zaginsa take yi, da ya sami abin da zai jingina da shi. Bai sake komawa teku ba. Mai gonar da Auta ya yi wa aiki, wani dattijo Bamadine, ya kira shi ya ba shi makinar, ya karɓa. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, naman Inna kuwa sai ya faki idonta ya tura mini. Ni kuma ga ni a tsakiya, ina jin haushinsa don ya dawo shi kaɗai, ina jin haushinta don ta hana ni makokin ƙanena, ina jin haushin kaina don ina jin haushinsu. Abin da na gani a fili shi ne, in Inna ba ta san gaskiya ba zan rasa miji, in ta sani kuma ban san abin da zai rage nata ba.

Na gwada sau ɗaya. Muna ɓare gyada na ce, "Inna, Auta ya rasu." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kin gan shi?" Na ce ban gan shi ba. Ta ce, "To ki riƙe bakinki, kada ki yi wa ɗana mugun fata." Sai da ta daɗe ba ta karɓi ruwa daga hannuna ba.

Da zafi ya shigo na fara kai wa mijina abincin rana gona, don na lura in ba a tsare shi ba ba ya ci. Wata rana na same shi a bakin birka yana zagaye ta a hankali, da zare a hannu, yana jan wani abu a ruwa. Guntun bututun ƙarfe ne, tsawon kamu ɗaya da ɗan wani abu, ya toshe bakinsa biyu, ya yi masa walda da wasu sirarun gwangwanaye a gefe da gefe, a samansa kuma ya kafa ƙaramin gwangwanin tumatir. Na ce, "Lalle, an girma an koma wasan yara." Bai yi murmushi ba. Ya ce in zauna in gani.

Mutumin da ba ya haɗa jimla uku, ranar sai da ya yi magana har abincin ya huce. Ya ce jirgin ruwa na kowa yana da faɗi, in ya karkata faɗin nan ne ke maido shi. Gawwasa kuwa zagayayye ne kamar wannan bututun, don zaman ƙasan ruwa aka ƙera shi, a can yake da natsuwa. A sama ba abin da ke fitowa sai gadon bayansa, ƙaramin raƙumin ruwa ma mirgina shi yake yi. Abin da ke riƙe shi a sama iska ce a cikin tankunan gefe. Ya juya mini bututun na ga ya huda gwangwanayen ta ƙasa. Ya ce haka tankunan suke, a buɗe ta ƙasa, iska ce kawai ke hana ruwa shiga. Duk mirginawa ɗaya sai iska kaɗan ta tsere, ruwa ya maye gurbinta, jirgin ya ƙara nauyi, mirginawa ta gaba ta fi ta baya. Shi ya sa aka ɗora Auta da injin hura iska.

Sannan ya nuna mini ja. Da zare mai tsawo, yana tafiya sannu, abin ba ya bin sa a miƙe, sai ya yi dama, ya dawo ya yi hagu, kamar akuyar da ba ta son zuwa kasuwa, amma dai yana sama. Tsakiyar zaren na nutse a ruwa, ya ce nauyin nan ne ke shanye fizga. Sai ya naɗe zaren ya gajarta shi, ya ƙara sauri kaɗan. Abin ya yi gefe, zaren ya miƙe ya fizgo shi, ya kwanta, kumfa ta fito daga ƙarƙashinsa, hancin ya soke. Ya ɗago shi da sauri kafin ya tafi.

"A ranar an gajarta igiya," in ji shi, "saboda za mu bi ta tsakanin duwatsun cikin ruwa. Sai iska ta same mu a haka."

"Da ba ka saki ba fa?"

"Da duka mun tafi. Na gwada a nan ya fi a ƙirga. Ba yadda za a yi."

"To me kake nema?"

Ya zazzage ruwan gwangwanayen ya mayar da shi kan ruwa. Ya ce bai sani ba. Na zauna ina kallonsa yana zagaye birkar, tausayinsa ya kama ni, kuma duk da haka ban iya cewa na yafe ba, don ban san ko akwai abin yafewa ba.

Lokacin nunar dabino mai gonar yakan ce ma'aikata su kawo iyalinsu ranar Juma'a su ci ɗanye a gindin itace. Inna na son wannan fita, shekarar ma ba ta ƙi ba. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa kusa da birka, aka yi shayi. Mijina ya ɓoye bututunsa a ɗakin makina, amma Inna ta tashi ta leƙa ɗakin, wai tana son ganin inda Auta ke zama. Ta fito da shi a hannu, zaren na jan ƙasa.

"Wannan fa?"

Ya ce ba komai ba ne, tarkace ne.

"Ni za ka yi wa tarkace? Ai na ga hotonsa a talbijin ɗin maƙwabta. Shi ne gawwasar." Ta miƙa masa, fuskarta cike da murna. "Sa shi a ruwa ka nuna mini yadda yake tasowa."

Ya dube ni. Ban ce ya yi ba, ban ce kada ya yi ba. Ya ce, "Inna, rana ta yi zafi, a bari wani lokaci." Ta ce ita ta taka daga Kano zuwa Sawakin, ba rana ce za ta hana ta tsayuwa ba. Ta je bakin birka ta tsaya, ta dafa simintin.

Ya ɗora shi a ruwa. Ta tambayi ramukan da ke ƙasan gwangwanayen, don idonta ba ya barin komai. Ya rasa ta inda zai ɓullo, sai ya ce, "Inna, kin san ƙwarya in an kife ta a kan ruwa, irin ta kiɗan biki?"

"Ni za ka koya wa ƙwarya?"

"Me ke riƙe ta?"

"Iska mana."

"In ta karkace fa?"

Ta daɗe tana kallon bututun yana lilo a kan ruwa. Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ja shi. Yadda kuka ja shi ranar."

Ya gajarta zaren ya fara tafiya. Abin ya yi dama, ya yi hagu, ya kwanta, kumfa ta ɓulɓulo, ruwa ya shiga ta bakin gwangwanin sama, hancin ya soke. Zaren ya miƙe a hannunsa. Ya tsaya yana riƙe da shi, bututun na rataye a cikin ruwa.

"Saki," in ji Inna.

Bai saki ba.

"Na ce ka saki. Ba haka ka yi ba?"

Ya buɗe yatsunsa. Zaren ya sulale ya bi bututun, ruwan birkar kore ne, ba a ganin ƙasansa. 'Yar kumfa ta ƙara fitowa, sannan ruwan ya kwanta.

Inna ta zauna a bakin simintin ta zuba ido. Na kawo mata shayi, ba ta karɓa ba. Na ce ta dawo inuwa, ko kallona ba ta yi ba. Sauran iyalan da ke gonar suka ci dabinonsu, suka fara naɗe tabarmi, suna satar kallonmu. Aka kira la'asar daga wani masallaci can bayan katanga, ta yi sallarta a nan inda take, ta sallame ta koma kallon ruwa. Mijina na tsaye a rana tun ɗazu, bai matsa ba.

Bayan la'asar ake ba itatuwa ruwa, wannan ba ya jiran kowa. Ya je ya zare toshiyar birkar, ruwa ya kama hanya ya bi lambatu zuwa gindin dabino. Muna kallo yana ja da baya a jikin siminti. Da ya kusa ƙarewa sai ga bututun a ƙasa, kwance a gefensa cikin gansakuka, zaren ya kanannaɗe a jikinsa. Inna ta ce in sauka in ɗauko. Na tattare zane na sauka, na miƙa mata. Ta kife shi, ruwa ya yi ta zuba daga ciki, ya fi yadda na zata yawa.

"A ina Auta yake a ciki?" ta tambaya.

Mijina ya matso ya sa yatsa a bayan gwangwanin sama.

"Ya daɗe?"

"Bai daɗe ba, Inna. Wurin da zurfi ƙwarai."

Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ta goge gansakukar da gefen mayafinta, ta dubi birkar da ta zama fanko. Ta ce, "Wannan kun buɗe masa ruwa ya fito. Shi wancan wa zai buɗe masa?" Ta ajiye bututun a kan siminti, ta ce a kai ta gida.

Washegari ta sa aka shimfiɗa tabarmi, ta aika wa liman cewa a yi sallar. Mata suka cika gidan kamar jiya abin ya faru, aka dafa gahawa, Inna ta yi kukan da ta tara, ni ma na yi nawa a fili ba tare da famfo ba. A kwanakin nan har na ji wani sauƙi, kunya nake ji in faɗa amma haka ne. Mijina ya cinye abincinsa a karo na farko. Na ce a raina mun tsallake.

Da makoki ya watse sai na lura da abin da ya canja. Inna ba ta taɓa faɗa masa baƙar magana ba, ko ɗaya. Amma in ya yi sallama sai ta ja mayafi ta rufe fuska kamar baƙo ya shigo. In ya gaishe ta takan amsa a taƙaice, ba albarka a ƙarshe. In tana son wani abu sai ta ce mini, "Ki gaya wa mijinki," yana zaune a wurin. Ta daina suyar gyada, ta ba da kaskonta. Ta daina tsara jana'izarta, wanda dā ba ta kwana biyu ba ta yi ba. Yini take yi a bakin ƙofar ɗaki tana jan carbi. Shi kuma ya ci gaba da kawo mata dabinon fari, da maganin ƙafa, da ruwan Zamzam in wani ya zo daga Makka, yana ajiyewa a gabana in miƙa.

Na yi mata magana. Na ce, "Inna, da bai saki ba da shi ma ya tafi, da mutanen jirgin duka. Kin fi son in zama bazawara?" Ta ce ta sani, ita ba ta ce ya yi laifi ba, hukuncin Allah ne. Na ce to ki dube shi mana. Ta ce, "Ba na iyawa." Na yi fushi, na yi lallashi, na kawo liman ya yi nasiha, ta saurara da ladabi ta ce ta gode. Daga baya na gaji na bari, kowa ya zauna da nasa.

Ba ta daɗe sosai ba bayan haka. Ciwon bai yi tsanani ba, ƙarfi ne kawai ya riƙa zarewa. Wani hantsi tana kwance na ga alamar abin ya matso, na ce ta faɗa mini yadda take so. Ta ambaci mai wanka, kuma maƙwabciyar nan ta Chadi ta zaɓa, abin da ya ba ni mamaki. Ta ce yadin na cikin akwati. Na ce, "Wa zai sauka?" Na yi zaton na san amsar, tunda namiji ɗaya ya rage mata a duniya wanda ya halatta ya taɓa ta.

"A roƙi wani cikin masu sallah," ta ce. "Kowane Musulmi ne."

"Inna, ga shi nan fa. Ɗanki ne shi ma."

"Na tambaye shi, ya ce yana hannunsa." Ta numfasa. "Ban riƙe shi da komai ba, ki gaya masa na yafe. Amma wanda ya saki Auta ba zai karɓe ni ba."

Labule ne kawai tsakaninmu da tsakar gida. Na ji an ajiye kwano a ƙasa a hankali, sannan takun ƙafa ya yi waje. Da na leƙa, kunun da mijina ya sayo mata ne, yana tururi. Ban gaya masa saƙon ba, shi ma bai tambaya ba.

An sallace ta a Harami bayan la'asar. Mata ba sa shiga Baƙi'a, saboda haka na tsaya a bayan katanga inda mata ke tsayawa, ina leƙe ta tsakanin ƙarafa. Na hango makarar a kan kafaɗun mutane, shi yana riƙe da gaba, don ya fi kowa tsawo. Da suka iso bakin ƙofa sai ya zame kafaɗarsa, wani alhaji da ba mu sani ba ya shiga gurbinsa, jama'a suka wuce da ita ciki. Ya tsaya har suka ɓace cikin ƙura, sannan ya biyo jikin katanga ya tsaya nesa kaɗan da ni, namiji ɗaya a gefen mata. Wani mai gadi ya yi masa nuni da hannu cewa ƙofar maza na can. Ya girgiza kai.

A Baƙi'a ba a rubuta suna, dutse ne kawai a kan kowane tudu, kuma duka iri ɗaya ne. Waɗanda suka sa ta a rami baƙi ne, sun koma ƙasashensu. Inna ta sami abin da iyayenta suka taso dominsa, amma ni da shi ba wanda ya san inda take kwance, kamar yadda ba mu san inda Auta yake ba. In na je ziyara sai in yi sallama ga filin gaba ɗaya.

Muka dawo Anbariyya a ƙafa, yana gaba ina baya, yana ware ƙafafu kamar kullum. Ban tsokane shi ba, ban kuma sake tsokanarsa ba har ya bar duniya. Mun yi shekaru tare bayan haka, bai taɓa ɗaukar jaririn kowa ba, ko an miƙa masa a wajen suna sai ya mayar da hannunsa baya ya yi addu'a daga tsaye. Ranar kuwa da muka iso gida ya yi alwala, ya zauna cikin maza ya karɓi gaisuwa. Da gari ya waye ya tafi Awali, don makina ba ta da mai kula da ita sai shi.